In likita yace a cire miki mahaifa, ga yadda zaki bi kafin ki sa hannu a takarda

Bari mu ware abu ɗaya gefe tukuna dan kar a yi min mummunar fahimta. In mace ta haihu jini ya ɓalle an yi duk dabara yaƙi tsayawa, ko mahaifa ta fashe wajen naƙuda, ko gwaji ya tabbatar kansa ce, wato ciwon daji, a mahaifa ko a bakinta, to wannan ba wajen jan magana bane, rai ake ceto, likita yace a shiga a shiga kawai. Maganata akan sauran ne, kuma sauran sune masu yawa, dan a Amurka kusan 9 cikin 10 na aikin cire mahaifa ba dan kansa ake yinsu ba, ƙarin mahaifa ne wanda ake cewa faibroid, ko jinin al'ada mai yawa, ko ciwon mara da yaƙi ji yaƙi cinyewa, ko zazzagowar mahaifa. A irin waɗannan kina da lokacin tambaya, kuma akwai dalili babba da yasa ya kamata ki tambaya ɗin.

Dalilin shine, ko za'a cire miki ko baza'a cire ba, da kuma ta inda za'a bi a cire, yawanci ya danganta ne da garin da kike da likitan da kika faɗa hannunsa fiye da yadda mutane suke zato. Wani likita Ba'amurke, John Wennberg, shi da abokin aikinsa Alan Gittelsohn, sun fara tono wannan abu tun 1973 a jihar Vermont, suka ga garuruwa maƙwabta masu mutane iri ɗaya amma yawan tiyatar da ake musu ya sha bamban nesa ba kusa ba. A 1982 suka kawo misalin jihar Maine, wani gari in aka cigaba da yadda ake yi to mata 70 cikin 100 zasu rasa mahaifarsu kafin su kai shekara 75, wani garin kuma da bai kai mil 20 tsakaninsu ba, 25 ne cikin 100. Matan gari na farkon basu fi na biyun ciwo ba fa, likitocinsu ne hannunsu yafi saurin kaiwa ga wuƙa. Kuma kar ki ce ai wannan tsohon zance ne, a Ostareliya hukumar dake sa ido kan ingancin asibitoci ta fitar da taswira a 2017 da ta nuna yankin da yafi kowa cire mahaifa ya ninka wanda yafi ƙaranci fiye da sau 6. A Amurka har yau jihohin kudu sun fi na arewa maso gabas. A Indiya ƙididdigar lafiyar iyali ta 2015 zuwa 2016 ta nuna kusan 3 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 an cire musu, amma a jihar Andhra Pradesh abun ya kusa 9 cikin 100.

To tunda haka ne, abu na farko da zaki yi shine ki nemi a faɗa miki sunan ciwon, sunansa na gaskiya, a rubuta miki a takarda. "Mahaifarki ta lalace" ba sunan ciwo bane, "akwai matsala a ciki" ma haka. In ƙari ne, guda nawa ne, girman babban santimita nawa ne, a ina yake zaune, cikin ramin mahaifar ne ko cikin namanta ko daga waje, dan wurin zamansa shine yake nuna ko za'a iya cire shi kaɗai cikin sauƙi. Ki karɓi takardar sikanin ɗinki ki riƙe, in an ɗebi ɗan nama daga cikin mahaifa an kai gwaji shima ki karɓi sakamakon. In kuma kin wuce 45 kina zubar jini ba ƙa'ida, ko jini ya dawo bayan kin daina al'ada, kuma ba'a yi wannan gwajin naman ba, ki tambaya me yasa, dan shine yake raba tsakanin kansa da ba kansa ba, kuma aikin da za'a yi wa kowanne daban ne.

Sai tambaya ta biyu, wadda ni a ganina tafi kowacce nauyi, me aka gwada kafin a zo nan? A Ingila hukumar NICE, wadda take tsara wa likitoci yadda zasu bi da cututtuka, tun 2007 tace kar a fara da cire mahaifa akan jinin al'ada mai yawa kawai. Abun da suka sa a gaba shine 'yar robar nan mai sinadarin homon da ake sakawa cikin mahaifa, irin su Mirena, sai ƙwayoyin rage jini irin tiranekzamik asid da ake sha a kwanakin al'ada kaɗai, da ƙwayoyin homon. A Finlan an yi gwaji aka raba matan dake jiran a cire musu mahaifa gida biyu, rabi aka musu aikin rabi aka saka musu robar, bayan shekara 5 cikin waɗanda aka sakawa robar 42 cikin 100 ne suka ƙare da tiyata, ma'ana sama da rabi sun tsira da mahaifarsu, kuma jin daɗin rayuwa a ɓangarorin biyu kusan ɗaya. Bayan wannan akwai ƙona fatar cikin mahaifa dan jinin ya ragu, amma wannan na wadda ta gama haihuwa ne kwata-kwata, ɗaukar ciki bayansa haɗari ne. Akwai cire ƙarin kaɗai a bar mahaifa, shine abun da mai son haihuwa zata fara tambaya, sai dai ki sani ƙari yana iya sake fitowa. Akwai toshe jijiyoyin dake kaiwa ƙarin jini har ya motse, wanda aka fara bada rahotonsa a Faransa a 1995, kuma abun dariyar shine ba likitan mata ne yake yinsa ba, likitan ɓangaren hoto ne, shi yasa wani lokacin baza ki ji zancensa ba in baki tambaya ba, mutum ai abun da ya iya shi yake fara kawowa. In zazzagowa ce akwai zoben roba da ake sakawa ya tallafe mahaifar, da atisayen ƙarfafa naman ƙasan mara. Sannan in kina dab da daina al'ada, ƙari yakan motse da kansa bayan al'ada ta tsaya, wani lokacin dabarar kawai a lallaɓa da magani a kai can ɗin.

Ba kowanne cikin waɗannan zai dace dake ba, ƙari mai girman cikin wata 6 ba robar da zata masa komai. Amma likitan kirki zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya faɗa miki dalilin da yasa wannan bazai yi ba wancan bazai yi ba. In kika ga an tsallake su duka an tafi kai tsaye ga ranar tiyata, to ki dakata.

Daga nan sai neman ra'ayin likita na biyu, kuma anan ne sanin wannan bambancin yankunan yake da amfani a aikace. Kar ki je wajen likitan dake ofis na gaba a asibiti ɗaya, dan sau da yawa malami ɗaya ne ya koyar dasu, tare suke shiga tiyata, abun da wannan ya saba shi wancan ya saba, zaki ji magana ɗaya sau biyu ki ɗauka tabbaci kika samu. Ki nemi wani asibitin daban, in da hali a wani garin, in na farko na kuɗi ne na biyun ya zama na koyarwa ko na gwamnati. Kuma in kin je kar ki fara da "ance a cire min", ki miƙa takardunki kice me kake gani ya kamata a yi, ki bari ya faɗi nasa tukuna. Mata da yawa suna jin nauyin wannan, wai kamar raina likita ne, alhali su likitocin kansu haka suke yi in abun ya zo kan iyalinsu. A Suwizalan wani mai bincike, Gianfranco Domenighetti, ya gano mata likitoci da matan lauyoyi ba'a cika cire musu mahaifa kamar sauran mata ba. Shi ɗin dai ya nuna cewa a yankin Ticino, bayan jaridu da rediyo da talabijin sun yi ta bayani wa jama'a a 1984 akan yawan aikin da lokacin da ya dace a yi shi, adadin ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A lardin Saskatchewan na Kanada ma a shekarun 1970 da aka kafa kwamitin likitoci yana bin fayil ɗaya ɗaya, waɗanda aka ce an yi su ba gamsasshen dalili suka sauko daga kusan 24 cikin 100 zuwa ƙasa da 8. Kinga kenan sa ido kaɗai yana canja abun.

Maganar kuɗi kuma ba'a son yinta amma dole a yi. Duk inda ake biyan likita ko asibiti akan kowace tiyata, to akwai abun dake jan hannu zuwa tiyatar, ko da likitan mutumin kirki ne. Indiya ce misali mafi muni da aka rubuta, kusan biyu cikin uku na aikin a asibitocin kuɗi ake yinsa, kuma da yawan matan basu ma kai 40 ba. A gundumar Beed ta jihar Maharashtra, inda mata suke aikin saran rake, an bayyana a 2019 cewa an cire mahaifa sama da 4,600 cikin shekara 3, har abun ya kai ga kafa kwamitin bincike, kuma a 2023 kotun ƙolin ƙasar ta umarci jihohi su aiwatar da ƙa'idojin da ma'aikatar lafiya ta fitar dan hana cirewa ba dalili. Kalmar da aka fi tsorata matan da ita itace "zai zama kansa". In aka faɗa miki haka kice a nuna miki gwajin da ya nuna hakan. Ƙarin mahaifa da wuya ƙwarai ya kasance kansa, farin ruwa ko ɗan kumburin bakin mahaifa kuwa ba dalilin cire mahaifa bane sam.

To a ce an bi duk wannan, ke da kanki kin gamsu cirewar itace mafita, kuma wallahi sau da yawa itace ɗin, akwai matan da suka shekara goma suna zubar jini har basa iya hawa bene, bayan aikin suka dawo mutane. Saura ta ina za'a bi. Hanya uku ce babba. Akwai tsaga ciki, yawanci a kwance a ƙasan mara, in mahaifar tayi girma sosai a tsaye. Akwai bi ta gaba, ba'a taɓa fatar ciki ko kaɗan, ba tabo. Akwai na kyamara da ake cewa lafaroskofi, a huda ƙananan ƙofofi uku ko huɗu a hura iska a yi aikin ana kallon allo, wanda Harry Reich ya fara cire mahaifa da shi a jihar Pennsylvania a ƙarshen shekarun 1980. Na robot shima na kyamarar ne, kawai likitan yana zaune gefe yana sarrafa hannayen na'ura.

Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka, ACOG, ta faɗa a 2009 ta sake faɗa a 2017 cewa in dai zai yiwu bi ta gaba shine zaɓi na farko, in bazai yiwu ba sai na kyamara, tsaga ciki a ƙarshe. Dalili a fili yake, wadda aka tsagawa ciki zata yi kwanaki a gadon asibiti kuma sai ta kai sati 6 ko fiye kafin ta dawo daidai, ga ciwon wajen ɗinki da yiwuwar ya yi ruwa, sauran biyun kuwa wata ma ranar ko washegari take komawa gida ta warware cikin 'yan makonni. Amma duk da haka abun da ake yi a zahiri ya bi sabon wuri ne. Finlan misali ce mai kyau, a 1996 kashi 58 na aikin tsaga ciki ne, zuwa 2006 ya koma 24, bi ta gaba ya tashi daga 18 zuwa 44, ba wai jikin matan ne ya canja cikin shekara 10 ba, likitocin ne aka koyawa. A Amurka kuma wani abu daban ya faru, bayan an amince da na'urar robot mai suna da Vinci a aikin mata a 2005, na robot ya tashi daga rabin kashi ɗaya a 2007 zuwa 9.5 cikin 100 a 2010, kuma binciken da ya fito a mujallar likitoci ta JAMA a 2013 ya nuna bai fi na kyamara na yau da kullum sakamako ba, sai dai yafi shi tsada da sama da dala 2,000 akan kowace mace. Asibitin da ya kashe maƙudan kuɗi ya sayi na'ura dole zai so a yi amfani da ita. A can ɗin dai baƙaƙen mata, waɗanda dama ƙari yafi kamasu da wuri kuma yafi girma a jikinsu, sun fi fararen mata faɗawa a tsaga ciki.

Saboda haka tambayar da zaki yi itace, likita me yasa ka zaɓi wannan hanyar a kaina? Akwai amsoshi masu ma'ana, mahaifar tayi girma da yawa, ko an taɓa miki tiyata sau da dama kayan ciki sun manne, ko ana zargin kansa ana so a fito da ita ɗungurungum, ko asibitin bashi da kayan kyamara. Sai ki bi da ta biyu, cikin ladabi amma kar ki fasa, ta wace hanya kafi yi, kuma kamar guda nawa kake yi a shekara? In ya ce shi tsaga ciki ya saba, gaskiya ya faɗa miki kuma ya kyauta, sai ki tambaya ko akwai wanda zai tura ki wajensa mai yin ta gaba ko na kyamara. In babu, ko kuma nisa da kuɗi bazasu bari ba, ni dai shawarata ki yarda da tsaga ciki a hannun wanda ya ƙware akansa, yafi miki alheri akan ki matsa sai an miki na kyamara a hannun mai koyo, dan bututun dake kawo fitsari daga ƙoda yana wucewa ne dab da gefen bakin mahaifa, tazarar bata fi faɗin yatsa ba, ga mafitsara a manne ta gaba, kuskure kaɗan anan shine yake jawo yoyon fitsari.

Akwai wurare biyu da ƙaramin rauni ba shine mafi alheri ba, ki riƙe su. In kansar bakin mahaifa ce a matakin farko, babban gwajin da aka wallafa a 2018 ya nuna matan da aka yiwa na kyamara ko na robot ciwon yafi dawo musu kuma sun fi mutuwa akan waɗanda aka tsagawa ciki, shi yasa ƙa'ida ta koma tsaga ciki a wannan yanayin. Na biyu, in ƙarin babba ne kuma za'a bi ta kyamara, ki tambaya ta yaya za'a fito dashi ta ƙaramar ƙofa. Akwai injin dake yayyanka shi a cikin ciki, kuma hukumar FDA ta Amurka, mai sa ido kan magunguna da kayan aikin asibiti, tayi gargaɗi akansa a 2014 saboda in akwai ɓoyayyiyar kansa a ciki zai watsa ta. In dole sai an yayyanka, a yi shi cikin jaka ta musamman, kuma ga wadda ta daina al'ada ko ta wuce 50 ba'a so ma a yi.

Kafin ki sa hannu ki karanta me da me aka rubuta za'a cire, dan "cire mahaifa" a bakin wani likitan ya haɗa da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, a bakin wani bai haɗa ba, nan ma sabo ne yake aiki. In baki daina al'ada ba kuma ma'ajiyar ƙwanki lafiyarsu ƙalau, kuma babu gadon kansar ƙwai ko ta nono mai ƙarfi a danginku, ki nemi a bar miki su. Cire su yana jefa mace cikin daina al'ada farat ɗaya, zafin jiki da gumin dare da bushewar gaba, a gaba kuma raunin ƙashi da ƙarin haɗarin ciwon zuciya. Bututun da ƙwai yake bi zuwa mahaifa kuwa daban ne, yanzu wurare da yawa suna cire su tare da mahaifar a bar ma'ajiyar, tun bayan da likitoci a lardin British Columbia na Kanada suka fara kira da a yi hakan a 2010, saboda an gano mafi munin kansar ƙwai yawanci daga bututun take farawa. Bakin mahaifa kuma wasu suna barinsa wai dan kwanciyar aure tafi daɗi, gwaje-gwajen da aka yi basu nuna bambanci ba, in dai an bar miki shi to zaki cigaba da gwajin kansar bakin mahaifa kamar kowa, kuma wata takan ɗan ga jini kaɗan duk wata. Ki faɗawa likita a fili, in an buɗe an ga wani abun da ba'a zata ba, me kika yarda a yi me baki yarda ba, a rubuta, kuma wanda zai tsaya miki a waje ya san abun da kika ce.

Ki shiga da jininki a cike gwargwadon hali, mai zubar jini yawanci jininta ƙasa yake, a auna a baki maganin ƙarin jini tun makonni kafin ranar. Bayan aikin ki tashi ki taka da wuri ko da dafa bango ne, shine yake hana jini daskarewa a ƙafa, kar ki ɗaga abu mai nauyi, kwanciyar aure kuma sai likita ya duba yace ɗinkin ciki ya kama, galibi sati 6 zuwa sama, ko da ta kyamara aka yi kina jin kin warke a waje. Zazzaɓi, jini mai yawa, ruwa mai wari, fitsari na zuba ba tare da kin sani ba, ciwon gefen baya, kumburin ƙafa ɗaya ko numfashi na sarƙewa, kowanne cikinsu komawa asibiti ne a ranar, ba jiran ranar da aka rubuta miki ba. Sannan mahaifar da aka cire ana kaita ɗakin gwaji a duba namanta, ki koma ki karɓi wannan sakamakon tare da takardar bayanin aikin, ki ajiye su wuri ɗaya, dan duk likitan da zai ganki nan gaba zai tambaya ko an bar bakin mahaifa da ma'ajiyar ƙwai ko an cire.